Hutun Amarci a Bakin Teku: Amarya, Ƙila Ba Ke Kaɗai Kika Tafi Ba

A yankinmu na Adabka, Anka, Gummi da Bukkuyum, yawancin aure bayan kaka ake ɗaura shi. Da an gama biki, wani ango kan ɗauki amaryarsa su tafi Ikko inda yake sana'a, wani kuma Badagiri ko Kwatano, ta huta ta ga teku. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai mu ungozomomi mun sha karɓar amaren da suka dawo da zazzaɓi ko zubar jini, sai a ɗakin awo suke jin ashe da ciki suka yi tafiyar. Don haka shawararmu ɗaya ce: daga ranar tarewa, a kula da amarya kamar mai juna biyu, ko da ba a tabbatar ba.

Me ya sa makonnin farko ke da muhimmanci?

Ƙwaƙwalwa da lakar jariri suna fara ginuwa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama lura da ɓatan wata ba. Ƙwayar folik asid mai nauyin miligiram 0.4, ɗaya kullum, tana rage haɗarin haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya. Ya kamata a fara shan ta tun kafin biki, a ci gaba har ciki ya cika mako 12. Haka kuma duk maganin da aka sha a wannan lokaci yana iya isa ga ɗan tayi. Kada a sayi magani a kemis ko a tasha ba tare da an faɗa cewa amarya ce ba. Tetirasaikilin, misali, ba na mai ciki ba ne.

Sauro ba ya hutu a bakin teku

A gida mun saba zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani da damina, ya lafa da rani, shi ya sa da yawa ke naɗe gidan sauro da shigowar hunturu. A kudu kuwa, saboda danshi da kwanciyar ruwa, ana kamuwa da shi duk tsawon shekara. Ciki yana rage garkuwar jikin mace, musamman cikin fari. Ƙwayoyin cutar sukan maƙale a mabiyiya, su jawo ƙarancin jini, ɓari, haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Maigida, ka sa gidan sauro mai magani a cikin kayan tafiya, kada ka dogara da fankar masauki. Idan zazzaɓi ya zo, a je asibiti a gwada jini a ranar. Fansida ta rigakafi ba a shan ta a wata uku na farko. Daga mako na 13 ake fara ba da ita a wurin awo, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Ci da sha

A shekarar 2024 an yi annobar kwalara a Ikko. A sha ruwan da aka tafasa ko na gora mai hatimi, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Kifi abinci ne mai amfani ga mai ciki, amma ya dahu sosai, a ci da zafinsa. Jatan lande da ƙaguwa ma haka. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa.

Akwai kuma matsalar da amare ke jin kunyar faɗa, wato zafin fitsari da yawan jin sa a makonnin farko na aure. Ciwon mafitsara ne, ba alamar wani ya yi laifi ba. Ki yawaita shan ruwa, ki yi fitsari bayan kwanciyar aure. In ya wuce kwana ɗaya ko ya zo da zazzaɓi, ki ga likita, domin a mai ciki yana iya hawa ƙoda.

Hanya da kan iyaka

Daga nan zuwa Ikko doguwar tafiya ce. A yi ta da rana, a riƙa motsa ƙafafu, a sauka a taka duk bayan awa biyu in da hali. Masu tsallaka iyakar Seme zuwa Binin za a nemi katin rigakafin shawara. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma ba a cika yi wa mai ciki ba. Gara a yi ta wata guda kafin biki. A bakin teku kuwa, igiyar ruwa tana da ƙarfi, ba kamar gulbin gida ba ne. A tsaya daga gefe.

A garzaya asibiti mafi kusa idan an ga:

1. Zubar jini, komai ƙanƙantarsa.
2. Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya, ko jiri da suma. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa.
3. Zazzaɓi mai zafi.
4. Aman da ya hana abinci da ruwa zama.

Kada a ce sai an dawo gida.

Bayan dawowa

Amarya, ki rubuta ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara. In wata ya ɓata, ki yi gwajin fitsari, ki fara awo kafin mako 12. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. Iyayenmu da surukai, mun san kunyar cikin fari, amma don Allah kada ta sa a ɓoye yarinya sai ciki ya fito. Ku rako ta da kanku.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya sauke masu juna biyu lafiya.