Labari Mai Rassa: Daga Michael Joyce Zuwa Bakandamiyar Shata

Duk wanda ya tashi da karatun ƙagaggun labarai irin su Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar ya san wata yarjejeniya da ke tsakaninsa da marubuci, ko da yake babu inda aka rubuta ta. Za a fara ne daga shafin farko, a bi layi bayan layi har zuwa shafin ƙarshe, kuma abin da ya sami Alhaji Imam a hannun mai karatu na Funtuwa shi ne zai same shi a hannun mai karatu na Maraɗi. Marubuci ne ke riƙe da linzami, namu bi. To amma kusan shekara arba'in ke nan da wasu marubuta a Amurka suka yi wa wannan yarjejeniya tawaye, kuma ina ganin lokaci ya yi da mu masu nazarin harshe da adabin Hausa za mu dubi abin da suka yi, domin kuwa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

A shekarar 1965 wani masani mai suna Ted Nelson ya fito da kalmar da Turawa ke kiran irin wannan rubutu da ita. Ni dai a Hausa na fi son in kira shi matani mai rassa, wato rubutun da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka ƙulla gunduwoyin da mahaɗai, ta yadda mai karatu zai tsallaka daga wannan zuwa wancan gwargwadon abin da ya zaɓa. Duk wanda ya taɓa latsa kalma a intanet ta kai shi wani shafi ya riga ya san yadda abin yake. Tambayar da marubutan suka yi ita ce: me zai faru idan aka gina ƙagaggen labari a kan wannan tsari?

Wanda ya fi shahara wajen amsa tambayar shi ne Michael Joyce. A shekarar 1987 ya gabatar da labarinsa mai suna afternoon, a story a wani taron masana kwamfuta, sannan kamfanin Eastgate Systems ya fitar da shi kasuwa a 1990 a kan faifan fulofi. Ya rubuta shi ne da manhajar Storyspace, wadda shi ma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta. Labarin ya ƙunshi gunduwoyi fiye da 500 da mahaɗai fiye da 900. Jigonsa ba mai wuya ba ne: wani mutum mai suna Peter, wanda aurensa ya mutu, ya wuce wurin da aka yi hatsarin mota, sai zuciyarsa ta kasa kwanciya, yana tsoron ko ɗansa da tsohuwar matarsa ne abin ya rutsa da su. Mai karatu kan latsa wata kalma, ko ya amsa da e ko a'a, sai labarin ya karkata. Akwai kuma ƙofofin da Joyce ya kulle, waɗanda ba sa buɗuwa sai an riga an bi ta wasu wurare. Saboda haka wani zai karanta ya tashi bai san ko yaron yana raye ba, wani kuma zai bi wata hanyar ya gano cewa Peter ɗin ne da kansa ya jawo hatsarin. Hikimar a nan ita ce, kewaye-kewayen da mai karatu ke yi shi ne irin wanda zuciyar mai laifi ke yi idan tana gudun gaskiya.

Bayansa Stuart Moulthrop ya fitar da Victory Garden a 1991, Shelley Jackson kuma ta fitar da Patchwork Girl a 1995, inda mai karatu ke ɗinke labarin wata halitta gaɓa bayan gaɓa. Abin ya ɗauki zafi har a 1992 marubuci Robert Coover ya rubuta sharhi a jaridar New York Times yana tattauna ƙarshen zamanin littafi. Littafi dai bai mutu ba, yana nan daram. Amma salon shi ma bai ɓace ba, ya ratsa cikin wasannin kwamfuta, har ya kai ga fim ɗin Bandersnatch da Netflix ta fitar a 2018, wanda mai kallo ke zaɓar abin da jarumi zai aikata.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Amsata ita ce, matanin da ba ya tsayawa a kan siffa ɗaya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma babban gwaninsa ya yi zaman shekaru masu yawa a Funtuwa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya fito daga Musawa, ya zauna Bakori kafin ya tare a Funtuwa, ya kuma rasu a 1999, bai taɓa riƙon waƙa a matsayin abin da aka kammala aka rufe ba. Duk wanda ya saurari Bakandamiya a faifai daban-daban ya san cewa amshi da kiɗan kalangu su ne ginshiƙin da ba ya motsi, amma ɗiyan waƙar sukan sauya wuri, wasu su shigo, wasu su fita, gwargwadon wurin da ake wasa da mutanen da ke zaune. Idan wani attajiri ya shigo fili, ko wani ya yi kari, sai waƙar ta yi reshe nan take. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Idan aka tambaye ni wace ce Bakandamiya ta asali, sai in ce tambayar daidai take da tambayar wane ne karatun asali na labarin Joyce.

Haka abin yake a fagen rubutu. Malamanmu na zaure sun gaji littattafan da ba a ɗinke ba, warƙa-warƙa a cikin gafaka, inda kalmar da aka rubuta a gindin shafi ke nuna warƙar da ke biye, ga kuma sharhi a gefe da fassarar ajami a tsakanin layuka, ido na tsalle daga matani zuwa sharhi ya komo. Ga kuma tahamisi, inda wani sha'iri ke shiga cikin baitocin wani ya ƙara nasa layuka, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa. A boko ma, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930, labari ne a cikin labari, aku na buɗe wannan ƙofa yana rufe waccan, kuma da wuya a sami wanda ke karanta ta a jere bayan karon farko.

Sai dai adalci ya sa in nuna inda suka bambanta. A wurin Shata, gwani ne ke zaɓar reshen da za a bi, a gaban jama'a, kuma kowa na jin abu ɗaya a lokaci ɗaya. A wurin Joyce, mai karatu ne shi kaɗai a gaban na'ura, ba shi da wanda zai tambaya ko ya kai ƙarshe. Wannan kaɗaici yana cikin dalilan da suka sa salon bai sami karɓuwa wurin talakawan masu karatu ba, ya tsaya a jami'o'i.

Abin sha'awa shi ne, marubutanmu na wayar hannu sun samo wata hanya ta tsakiya ba tare da sun karanta Joyce ba. Tun bayan da cinikin littattafan soyayya ya ja baya, marubuta da yawa, galibinsu mata, sun koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Akan saki shafukan farko kyauta, in labari ya yi daɗi sai a biya kuɗi kafin a ci gaba. Masu karatu kuwa ba sa yin shiru. Sukan nemi a hukunta kishiya, ko a dawo da saurayin da aka kora, marubuciya kuma tana auna ra'ayinsu kafin ta rubuta shafin gobe. Ashe ke nan filin wasan Shata ne ya dawo cikin waya: gwani na riƙe da linzami, amma jama'a na karkata akalar. A garuruwan noma irin su Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙafur da Danja, inda shagon sayar da littafi ya yi ƙaranci, wayar ce ta zama ɗakin karatun matar aure da ɗalibar sakandare da mai jiran awon masara a kasuwa.

A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, shi yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu yana kare su, Ibrahim Sheme kuma ya ba muhawarar fili a jaridar New Nigerian. Ko wane ɓangare mutum ya bi, muhawarar ta yiwu ne saboda littattafan suna nan a takarda, ana iya ɗauko su a duba. Damuwata ita ce, wanda zai so yin irin wannan muhawara a kan adabin waya nan da shekara ashirin, me zai ɗauko?

Darasin da tarihin Joyce ya koyar ke nan. Faifan da aka sayar a 1990 ba ya buɗuwa a kwamfutocin yau, har sai da masana irin su Dene Grigar ta Jami'ar Jihar Washington suka tanadi ɗakin da ake adana tsofaffin na'urori domin a iya karanta irin waɗannan ayyuka. Da aka daina tallafa wa manhajar Flash a ƙarshen 2020, ayyukan adabin lantarki masu yawa sun daina buɗuwa. A nan gida, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a watan Nuwamba na 2023. Mutanen kudancin Katsina kuwa sun ɗanɗana abin da ya fi haka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, sai a watan Disamba aka fara maido da su. A tsawon wannan lokaci, mai tsohon kwafin Magana Jari Ce yana da abin karantawa, mai jiran shafin gobe a waya kuwa sai haƙuri.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi kusa da fannina. Matani mai rassa yana rayuwa ne a kan kalma, domin kalma ce ƙofa, kuma da ita ake bincike. Yawancin masu rubutu a waya sun yi watsi da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ga haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ga gajarce-gajarce irin na saƙon waya. Ɗan Adam yakan gane daga muhallin magana ko kafa ake nufi ko ƙafa, baki ko baƙi, amma na'ura ba ta da wannan basira sai abin da aka ba ta. Waɗannan rubuce-rubuce kuma suna cikin abin da na'urorin fassara ke koyon Hausa daga gare shi. Idan muka bar rubutun a hargitse, Hausar da na'ura za ta riƙa mayar wa 'ya'yanmu ita ma hargitsattsiya ce. Haruffan nan suna cikin wayoyin zamani, latsawa ɗaya ce ta raba mu da su.

Bisa ga haka, ina da shawarwari uku. Na farko, sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su buɗe taskar adana labaran waya, da izinin marubutan, a ajiye kowane labari da ranakun fitowar shafukansa, a na'ura da kuma a takarda. Na biyu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta haɗa hannu da gidajen rediyo da masu tsofaffin kaset a tattara kowane zubi na manyan waƙoƙin Shata, a jera su ta yadda mai nazari zai bi ɗa ɗaya ya ga yadda ya sauya daga wannan wasa zuwa wancan. Babu tsarin da ya dace da wannan aiki kamar matani mai rassa.

Na uku kuwa ga marubuta ne. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Twine, wadda aka fitar a 2009, da ke ba kowa damar gina labari mai rassa ba tare da sanin ilimin kwamfuta mai zurfi ba. Rayuwar yankinmu cike take da mararraba. Manomin da damina ta kawo jiki, yana tsakanin shuka auduga ko masara, karɓar bashin taki ko sayar da sa, zuwa gonar daji ko barin ta saboda tsaro, kowane zaɓi da abin da zai haifar, ai labarinsa ya fi na Peter rassa. Rikicin gadon gona da za a ji daga bakin wa da ƙane da gwaggo, mai karatu ya zaɓi wanda zai fara saurare, zai koya mana yadda wanda ya riga kai ƙara ke shafar hukunci.

Turawa sun ƙirƙiro na'urar, amma fasahar sarrafa zance mai rassa mun gaje ta tun daga dandali da zaure. Abin da ya rage shi ne mu rubuta da kyau, mu kuma adana abin da muka rubuta, domin kuwa adana ya fi nema. Allah Ya sa mu dace.