Hannun Hagu, Hannun Dama, da Ran Mai Tafiya a Ƙasa

Dattawan cikinmu za su tuna da ran Lahadi 2 ga watan Afrilu 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da motocin Nijeriya duka suka bar hannun hagu suka koma bin hannun dama. Hannun hagu gadon Turawan Ingila ne. Maƙwabtanmu kuwa, watau Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomi wadda yanzu ake ce da ita Binin, duk dama suke bi, saboda haka direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi tilas ya sāke hannu a kan iyaka. Gana ta bi sawunmu a 1974. Ingila da Kenya da Indiya da Japan har wa yau hagu suke bi.

To, wane hannu ya fi lafiya? A ganinmu babu, kuma labarin ƙasar Suwidin ya isa shaida.

Suwidin tana can arewacin Turai, ita ma dā hagu take bi, maƙwabtanta suna bin dama. Da aka tambayi jama'a a 1955, fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce ba su yarda a sāke ba, amma duk da haka majalisa ta zartar. Ran 3 ga Satumba 1967, saura minti goma ƙarfe biyar na asuba, kowace mota ta tsaya cik, ta lallaɓa ta ƙetare zuwa ɗaya gefen, da biyar ta cika aka ci gaba da tafiya. Mutane suna zaton za a yi ta karo. Sai ga shi haɗari ya ragu! Dalili kuwa shi ne kowa yana jin tsoro, yana tafiya sannu, yana duba sau biyu kafin ya wuce wata mota. Wajen shekara biyu, da hannu ya saba tsoro ya gushe, haɗari ya koma yadda yake dā.

Mutanen Suwidin sun gane ba a dogara ga tsoron direba, gama tsoro ba ya daɗewa. A 1997 majalisarsu ta tsai da shawara cewa ɗan adam ba ya rasa kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskure ba zai zama mutuwa ba. Suka ja shingen waya mai ƙarfi a tsakiyar manyan hanyoyi da yawa domin kada motoci su yi gaba da gaba, suka kuma rage gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a unguwannin da yara da masu keke suke yawa. Mutumin da mota ta buge a wannan gudu galibi yakan rayu.

Bambancin ya fito a lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a kan titi. A Afirka, cikin kowane mutum dubu 100, wajen 19 ne suka mutu; a Turai wajen 7. Ga shi kuwa motocinsu sun fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Mu ma muna da doka, muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988. Amma titin da ya ratsa kasuwar ƙauyenmu an yi shi domin gudun mota ne, ba a tuna da mace mai ɗauke da itace ba, ko yaro mai kora awaki. Shingen waya ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma. Akwai dai abin da bai fi ƙarfinmu ba.

Tun da motoci dama suke bi, mai tafiya a ƙasa ya bi gefen hagu, ya fuskanci motar da take zuwa ido da ido. Da yawa cikinmu sukan ba mota baya, har da masu karatu. Amalanken shanu kuwa dama za ta bi kamar mota, amma ba ta da fitila, direban da ya taho da magariba ba ya ganinta sai ya iso kanta. A manna mata jan abu mai ƙyalli irin na bayan keke a kusurwa biyu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan kuma ƙungiya ta yi hayar babbar mota ran kasuwa, shugaba ya gaya wa direba da yaron mota tun a wurin ciniki cewa ba mai hawa bisa buhuna.