Baka Mai Gargare: Zaɓe, Daidaitawa da Harbi

Bakan maharban ƙasar Hausa ƙara nauyi yake yi muddin ana jan tsirkiya. Baka mai gargare, wanda Holless Wilbur Allen na Amurka ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1969, ya saɓa da haka: gargaren da ke ƙarshen hannuwansa biyu suna juyawa su sauke galibin nauyin idan ja ya kai matuƙa, har mai harbi ya samu sararin saiti cikin natsuwa.

A nan matsalar saye take. Wanda ya saba aiken ɗan'uwa ya saro masa tufafi a Titin Guangyuan ta Yamma a Guangzhou yana iya zaton baka ma hakan take. Riga in ta yi yawa tela zai rage ta. Wannan baka kuwa tana da iyakar ja, kuma in iyakar ba ta dace da mai ita ba, saiti ya lalace tun daga tushe. Ana ƙiyasta ta da auna faɗin hannuwa a miƙe da inci, a raba da 2.5. Dokar World Archery ta ƙayyade nauyin ja da fam 60, ana kuma gasa daga mita 50. A ganina sabon shiga ya fara ƙasa da haka sosai.

Wajen daidaitawa akan harba kibiya ta ratsa takarda daga kusa. Yaguwa doguwa na nuna kibiyar ta fita a karkace, sai a gyara mazauninta kaɗan-kaɗan. Kada a saki tsirkiya babu kibiya, domin ƙarfin yakan koma jikin bakar ya fasa ta.