Mai Kafe a Daura: Sana'ar Saba wa Hannu da Kwamfuta

Tun 2015, da hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, duk yaron da ke neman gurbi a jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Wannan ya buɗe wa masu kafe a Daura ƙofar abinci: su ne ke koya wa ɗalibai da ma'aikata karatu da jarrabawa ta intanet.

Jarin ba na wasa ba ne. Mai kafe kan je Kano, Titin Beirut, ya tsinto kwamfutocin gwanjo, yana gwada batir da madannai ɗaya bayan ɗaya, don harafi guda ya mace an yi asara. Sai bencuna, fanka, firinta, da manhajar gwaji mai ɗauke da tambayoyin shekarun baya. Amma wuta ce ke cinye riba. Ba mai jingina da wutar kamfanin KEDCO. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, tayar da janareta ya koma sai dole. Mai hali ya kafa sola, marar hali ya rage awanni. A 2025 kuɗin data ma ya ƙara tashi.

Ainihin aikin yana kan benci. Yaro ya taso daga Baure ko Sandamu ko Zango, ya ƙware a waya, amma bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba. Sai ka ga ya riƙe shi kamar ɗanyen ƙwai, kibiya tana ta yawo a allo. Malam ya ɗora hannunsa bisa na yaron: "Saki jikinka, ƙanena, ba ya cizo." Daga nan a koma madannai: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya. Ana jan kunne a kan S, domin da shi ake miƙa aiki, kuma mai gaggawa kan taɓa shi bai gama ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, agogo na ƙirgawa a gefen allo. Yara da yawa sun san amsa, agogon ne ke ruɗa su.

Kakar sana'ar farkon shekara ce, kafin jarrabawa. Wani ya biya kuɗin awa, wani na wata, ɗan maƙwabci kuwa sai "Baba zai aiko". Rajista ba ta kowane kafe ba ce, sai cibiyar da JAMB ta amince da ita. Sauran watanni ana lallaɓawa da buga takardun ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Kwalejin Yusuf Bala Usman, da malaman makaranta masu shirin jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, da matasan da ke bin darussan fasahar zamani na shirin 3MTT.

Akwai ɓata-gari, masu karɓar kuɗi su yi wa mutum kwas ɗin intanet, ya tashi da takardar shaida, kai fanko. Mai kafe na ƙwarai ba ya wannan.

Iyaye, don Allah a riƙa kawo yara da sauran lokaci. Mako guda kafin jarrabawa ba ya isa hannu ya saba.