Kuɗin wasanni a jami'o'in Amurka: ina rabon mata?

A 1972 shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ita ke kawo kuɗin talabijin, ita kuma ke lashe kaso mafi tsoka. Tawaga guda kan kai 'yan wasa 100. Don daidaita lissafi tsakanin maza da mata, wasu jami'o'i sun gwammace su rushe kokawar maza maimakon su taɓa ta, sannan a ɗora wa mata laifi.

A 2025 an ba manyan jami'o'i damar raba wa 'yan wasansu kuɗi, kowace har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma yawancin kuɗin hannun maza suke shiga.