Tarin Fitattun Waƙoƙi da Dalilin Farin Jininsa: Misalin Waƙoƙin Mamman Shata a Ƙasar Ɗandume

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Ɗandume da kaka, sa'ad da ake auna masara ana ɗinke buhuna, manyan motoci kuwa sun yi jeri suna jiran lodi, ya san ba a rasa wata murya mai tashi daga rumfar mai shayi ko daga gaban wata mota. Sau da yawa muryar Alhaji Mamman Shata ce, da kalangunsa da 'yan amshinsa. In mutum ya kasa kunne zai lura da wani abu, watau waƙoƙin da ake ji ba su da yawa. Su ne dai ake ta juyawa, yau a wannan rumfa, gobe a waccan, alhali kuwa mawaƙin ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana abin da ya sa mutane ke son irin wannan tari na waƙoƙin da aka tsamo daga aikin mawaƙi ɗaya, sa'an nan ta nuna abin da ya kamata malami ya kiyaye in zai yi aiki da shi a aji.

Mawaƙin da ƙasarsa

An haifi Shata a Musawa a 1923. Ya zauna a Bakori tun yana saurayi, sunansa ya fara fita sosai a Kano bayan Bikin 'Yan Sarki na 1952, kana a 1960 ya koma Funtuwa, inda ya yi zamansa har kusan shekara arba'in. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Saboda haka ga mutumin Ɗandume, ko Bakori, ko Malumfashi, Shata ɗan gida ne. Funtuwa ita ce babbar matattarar wannan yanki na noman auduga da masara, can ake kai amfanin gona, can layin dogo ya bi daga Zariya zuwa Gusau, can kuma direbobi da dillalai da manoma suka riƙa ganinsa ido da ido. Daga wannan ƙasa ce kuma Hajiya Barmani Coge, gwanar amada, wadda ta rasu a 2013, ta fito. Ke nan ba baƙon kunne ba ne ke yin zaɓe a nan.

Zaɓaɓɓe da fitacce

Kafin a ci gaba, ya kyautu a dubi kalmomi biyu da ake kiran irin wannan tari da su, gama akwai darasi a cikinsu. Wani ya ce zaɓaɓɓun waƙoƙi, wani ya ce fitattun waƙoƙi. Ƙirarsu ɗaya ce a nahawu, dukansu siffofi ne da aka ciro daga aikatau ta hanyar ninka baƙin ƙarshe. Amma asalinsu ya bambanta. Zaɓaɓɓe daga zaɓa yake, aikatau mai neman karɓau, don haka lalle akwai wani wanda ya yi zaɓen, ko da ba a ambace shi ba. Fitacce kuwa daga fita yake, aikatau ƙi-karɓau, watau abin da kansa ya fito fili cikin 'yan'uwansa. Tarin da ke karɓuwa ga jama'a shi ne wanda waɗannan biyu suka haɗu a cikinsa: mai zaɓe ya ɗauki abin da ya riga ya fita. In ya sa son ransa ya cusa waɗanda ba su fita ba, kayansa za su kwana a rumfa.

Misali daga Ingila

Wannan al'amari ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba, kuma in an dubi inda aka ajiye lissafinsa sosai zai fi fitowa. A Landan, a 1970, aka kafa wata ƙungiyar makaɗan rok mai suna Queen, wadda jagoran waƙarta, Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar ne. A watan Oktoba na 1981 kamfanin EMI ya tara waƙoƙinsu 17 da suka fi samun kasuwa a faifai ɗaya, aka sa masa suna Greatest Hits. Ya zuwa 2022 an sayar da kwafi miliyan 7 na wannan faifai a Birtaniya kaɗai, ba kuwa wani faifai da ya taɓa kai haka a ƙasar, ko cikin waɗanda ƙungiyar ta shirya da kanta ɗaya bayan ɗaya. Mercury ya rasu tun 1991, amma cinikin bai tsaya ba. Haka kuma a 2000, shekara talatin bayan watsewar ƙungiyar The Beatles, aka tara waƙoƙinsu 27 da suka taɓa zuwa na ɗaya a Birtaniya ko Amurka, tarin ya yi kasuwa ƙwarai a ƙasashe da dama.

Akwai wani abu game da faifan Queen wanda ya dace da batun zaɓaɓɓe da fitacce. Jerin waƙoƙinsa bai zama ɗaya a ko'ina ba. Wanda aka buga don Amurka ya bambanta da na Ingila, domin an bi waƙoƙin da suka karɓu a kowace ƙasa. Ashe masu saye su ne suka yi zaɓen tun da fari, kamfani dai ya bi sawunsu ne.

Yadda tarin Shata ya samu

A ƙasar Hausa ma haka abin ya gudana, sai dai ba kamfani ɗaya ya yi shi ba, ba kuma rana ɗaya ba. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko huɗu a fuska ɗaya. Babban faifai wanda ya biyo baya, irin wanda reshen EMI na Nijeriya ya buga wa Shata, yana ɗaukar kamar minti ashirin a kowace fuska. Gidan rediyo na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki waƙoƙinsa da yawa, masu sauraro kuma suka riƙa aiko da takardu a shirin Zaɓi Sonka suna gaishe da 'yan'uwa da abokai. Da kaset ya zo, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya kuma bazu a kasuwannin Arewa daga baya, sai zaɓen ya koma hannun mai rumfa, yana kwafe abin da aka fi tambaya ya cika minti sittin ko casa'in. Daga nan aka shiga zamanin wayar hannu, inda mai kwamfuta ke tura waƙoƙi a ɗan katin memori. Kowane mataki rariya ce. Abin da ya tsallake dukansu shi ne tarin da ake ji a kasuwar Ɗandume.

Dalilan farin jini

Dalili na farko shi ne sauƙi. Manomi wanda ya sayar da buhu biyu ya sayi rediyo mai cin memori ba shi da lokacin bin waƙoƙin shekara hamsin ɗaya ɗaya. Yana son wanda in ya kunna ba zai tashi ya sauya ba. Tarin fitattu ya ɗauke masa wahalar tankaɗe da rairaya.

Na biyu shi ne tarayya. Waƙar da kowa ya sani ta zama dukiyar kowa. Waƙar baka ta Hausa tana da gindi wanda 'yan amshi ke maimaitawa bayan kowane ɗa, mai sauraro kuma yakan shiga cikinsu ba tare da ya sani ba. Ɗan dako da mai awo da direba, in gindin waƙa ya zagayo, sai ka ji sun karɓa tare. Masu Queen ma sun gane wannan, gama waƙarsu We Will Rock You ta 1977 an shirya ta ne musamman don jama'a su riƙa buga ƙafa suna tafi. Waƙar da ba a sani ba ba ta karɓuwa haka, komi daɗinta.

Na uku shi ne tunawa. Dattijo yakan ji waƙa ya tuna shekarar da ya fara jin ta, da bikin da aka yi ta, da mutanen da aka ambata waɗanda yanzu ƙasa ta rufe. Yaro kuma wanda aka haifa bayan 1999 ya tashi ya tarar da ita a bakin ubansa. Da haka tarin ya zama igiya tsakanin tsara da tsara.

Na huɗu shi ne, tarin yana nuna faɗin mawaƙi a zama ɗaya. Cikin sa'a guda mutum zai ji yabon sarauta irin wanda ya yi wa Sarkin Daura, ya ji zambo irin na Gagarabadau, ya ji labarin duniya irin na waƙar kumbon Afolo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969, ya kuma ji Bakandamiya, inda mawaƙin ya wasa kansa. Sunan nan bakandamiya ma shaida ne cewa Hausawa sun daɗe da sanin fifita waƙa ɗaya bisa sauran, gama Ibrahim Narambaɗa shi ma yana da tasa.

Inda misalan biyu suka rabu

To, a nan ne ya wajaba manazarci ya yi hattara. Waƙar Queen a ɗakin ɗaukar murya aka gina ta, aka gyara, aka kammala. Abin da ke cikin faifan 1981 shi ne waƙar, ko ba komi shi ne asalin da ake auna sauran da shi. Waƙar Shata ba haka take ba. Ba a rubuce yake shirya ta ba, a filin wasa yake ɗinka ta, yana duban wanda ya zo da wanda ya yi kyauta. Gindi yana nan, kiɗa yana nan, amma ɗiya suna ƙaruwa suna raguwa. Bakandamiya kanta an ɗauke ta fiye da sau ɗaya, abin da ke cikin wannan ɗauka kuma ba lalle ne a same shi duka a waccan ba. Saboda haka abin da mai rumfa ya zuba a memori rerawa ɗaya ce daga cikin masu yawa, wata sa'a ma wadda aka taƙaita don ta shiga fuskar faifai.

Daga wannan hasara uku ke fitowa. Ta farko, rerawar da ta yi sa'ar shiga tari takan danne 'yan'uwanta, har ɗalibi ya ji wata ya ce an yi kuskure. Ta biyu, tarin ba ya zuwa da shekara ko wuri. Faifan Queen yana da kwali mai ɗauke da bayani, memori kuwa suna kawai yake nunawa, shi ma sau da yawa mai tura waƙa ne ya laƙaba, ko daga sunan wanda aka yi wa, ko daga farkon gindi. Waƙar ƙuruciya da ta tsufa suna zaune gefe da gefe, ba a iya bin yadda murya da salo suka sauya. Ta uku, rariyar kasuwa ta fi barin waƙoƙin da kowa zai gane ko'ina. Wadda aka yi wa wani manomi ko wani direba na ƙauye, mai cike da sunayen garuruwa da habaicin da sai ɗan ƙasa ke ganewa, ita ce ta fi saurin faɗuwa, alhali ita ce ta fi amfani ga mai nazarin karin harshe da tarihin yanki.

Abin da ya rage ga malamai

Ba a ce malami ya guji tarin fitattu ba. Shi ne abin da ɗalibai suka zo da shi a kunne, kuma da abin da yaro ya sani ake jawo shi zuwa wanda bai sani ba. Amma akwai abubuwa da ya kamata a yi. In za a nazarci waƙa, a nemo rerawa biyu ko uku a jera su, ɗalibai su ware abin da ya tsaya da abin da ya sauya. In za a rubuta ta, a sa ta a kunne tukuna, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalangu kuwa da su yake magana. A kuma koma ga ayyukan da aka riga aka yi, kamar kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiana a 1975, da littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa na 2006, don a sa kowace waƙa a muhallinta.

Abu mafi gaggawa kuwa yana cikin garuruwa irin su Ɗandume. Har yanzu akwai dattawa waɗanda suka halarci wasan Shata, suka san waɗanda ya ambata, akwai kuma tsofaffin kasakasai a cikin adaka waɗanda zafi da ƙura ke ci. Ɗalibin kwalejin horon malamai wanda ya koma gida hutu, in ya zauna da irin wannan dattijo ya rubuta wa aka yi wa waƙa, a ina, a wane biki, ya kuma kwafe kaset ɗin kafin ya tsinke, ya yi aikin da kasuwa ba za ta yi ba. Fitattun waƙoƙi suna da masu tsaronsu a kowace rumfa da kowace mota. Sauran ne ke bukatar mai nema, kuma masu iya ba da labarinsu suna raguwa kowace shekara.