Alamar da ba a gani: Me ya sa fayil ɗin Windows ke rikicewa a wayar Android?

Matasa da yawa masu koyon rubuta manhaja sun gamu da wannan matsala. Mutum ya rubuta umarnin Bash a kwamfutar Windows, ya tura wayarsa, ya buɗe Termux, sai ga saƙo: `$'\r': command not found`. Ya duba rubutun sama da ƙasa, bai ga kuskure ba. Laifin yana ƙarshen kowane layi.

Duk lokacin da aka danna Enter, na'ura tana ajiye wata ɓoyayyiyar alama da ke nuna layi ya ƙare. Linux da Android da macOS na yanzu suna amfani da alama ɗaya, LF, mai lamba 10 a tsarin ASCII, wadda ake rubutawa `\n`. Windows kuma biyu take sakawa: CR mai lamba 13, sannan LF, wato `\r\n`. Tsoffin kwamfutocin Mac, kafin fitowar Mac OS X a 2001, CR kaɗai suke sakawa.

Abin ya samo asali ne daga injinan buga rubutu na da. CR ita ke mayar da kan injin farkon layi, LF kuma ta tura takarda sama. Windows ta gaji biyun, Unix ta ɗauki ɗaya.

Shi ya sa Bash ke ɗaukar `\r` a matsayin wani ɓangare na umarni. Haka ma idan aka raba rubutu da `split("\n")` a Python, "Kano" sai ta zama "Kano\r". Wanda ya nemi Kano a jerin ba zai same ta ba, alhali tana nan. A jerin lambobin waya ko na kuɗi, irin wannan kuskure yana iya ɓatar da bayanan mutane ba tare da wani gargaɗi ba.

Gyaran ba shi da wuya. A Python, `splitlines()` tana gane duka ukun, kuma `open()` tana mayar da su `\n` da kanta idan ba a buɗe fayil da `"rb"` ba. Umarnin `dos2unix` yana gyara fayil ɗin da ya riga ya zo da CR. A VS Code, ana danna CRLF da ke ƙasan allo a zaɓi LF. Masu aiki da Git a Windows kuma suna iya saita `core.autocrlf` zuwa `true`.

Mai rubuta manhaja bai san daga wace na'ura fayil zai zo masa ba. Gara ya tanadi duka ukun tun a wurin karantawa.